Tsoka Na Gyara Kanta, Amma Da Sharaɗi

Idan aka dafa jan nama ya dahu luguf, aka zuba a turmi aka kirɓa don yin dambu, ba ya komawa gari. Warwarewa yake yi sili-sili, kowane sili ya bi tsawonsa. Wannan silin da ido ke gani dami ne na wasu ƙananan zaruruwa masu yawa, waɗanda kowannensu da ƙyar ya kai kaurin gashin kai. Su ne zaren tsoka. Mahauci a mayankar Dei-Dei ko ta Karu ya san wani abu kuma da mai cin dambu bai cika lura da shi ba: farin tantanin nan mai sheƙi da ke lulluɓe da tsoka, wanda yake bi da bakin wuƙa idan zai raba cinya gida-gida. Tantanin bai tsaya a waje ba. Ya ratsa ciki, ya naɗe kowane dami, har ya naɗe kowane zare shi kaɗai.

Haka naman jikin ɗan Adam yake. Muna da tsoka sama da 600 masu motsa gaɓoɓi, kuma a jikin baligi namiji sukan kai kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa. Kowane zare ƙwayar halitta ce guda ɗaya, amma doguwa, wadda ta samu daga haɗewar ƙananan ƙwayoyi masu yawa tun mutum yana ciki. Shi ya sa, maimakon cibiya ɗaya irin ta sauran ƙwayoyin jiki, zaren tsoka yana da cibiyoyi ɗaruruwa, wani ma dubbai. Sai dai haɗewar nan ta zo da tsada: zaren da ya kammala ba ya iya rabuwa biyu ya hayayyafa. Fata tana sabunta kanta, hanta ma haka, domin ƙwayoyinsu na rabuwa. Zaren tsoka kuwa idan ya mutu, ya mutu.

To amma kowa ya san tsoka tana warkewa. Ɗan damben da aka jibga a gidan dambe na Dei-Dei, damtsensa ya kumbura ya yi baƙi, bayan 'yan makonni yana nan ya sake ɗaure hannu. Leburan da ya fara ɗaukar bulo a wurin gini a Gwarimpa, jikinsa ya yi tsami har ya kasa sunkuyawa, bayan wata uku ƙirjinsa ya buɗe. Ɗan ƙwallon da tsokar bayan cinyarsa ta tsage a filin wasa na Moshood Abiola yakan dawo fili. Idan zaren ba ya haihuwa, wa ke kawo sabo? Wannan tambaya ta ɗauki masana kusan shekara ɗari suna jayayya.

A shekarar 1961 wani masani a Cibiyar Rockefeller da ke New York, mai suna Alexander Mauro, ya sa tsokar ƙafar kwaɗo a ƙarƙashin madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, wanda a lokacin sabon abu ne. Ya ga wata 'yar ƙwaya siririya, kusan duk jikinta cibiya ce, ta laɓe tsakanin fatar zaren tsoka da tantanin da ya naɗe shi. Da madubin da aka saba amfani da shi, kowa ɗauka yake ɗaya ce daga cikin cibiyoyin zaren. Ashe ƙwaya ce mai zaman kanta. Ya kira ta satalayit, saboda a gefe take maƙale tana rakiyar zaren. A wannan shekarar Bernard Katz na Landan, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 1970, shi ma ya ga irinta. Rahoton Mauro 'yan shafuka ne kawai, kuma a ciki ya yi hasashen cewa ƙila waɗannan ƙwayoyin rakiya ragowar ƙwayoyin da suka gina tsoka ne tun a ciki, suna barci suna jiran ranar da za a ji rauni. Hasashensa ya yi daidai, amma sai da aka yi shekara 50 kafin a tabbatar da shi ta yadda babu sauran gardama.

Ga yadda abin ke gudana. A tsokar baligi mai lafiya, ƙwayoyin rakiya ba su da yawa, ba su wuce kashi 2 zuwa 7 cikin 100 na cibiyoyin da ke wurin ba, kuma ba sa komai. Da zarar zare ya tsage, sai fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin cikin 'yan sa'o'i. Kumburi da zafi da raɗaɗin da ake ji alamar isowarsu ce. Suna cinye mataccen nama, suna share wurin, suna kuma sakin sinadaran da ke tada masu barci. Cikin yini guda ƙwayoyin rakiya sun farka. Su yi ta rabuwa kwana biyu zuwa huɗu, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, sannan su jeru cikin tsohon bututun tantanin da mataccen zaren ya bari, su narke cikin juna su zama sabon zare. Mai bincike yana gane sabon zare da kallo ɗaya, domin cibiyoyinsa a tsakiya suke a jere, alhali na tsohon zare a gefe suke. A ɓera, cikin mako uku zuwa huɗu tsokar ta dawo kusan yadda take. A mutum yakan fi haka daɗewa.

Abin da ya sa ake kiransu ƙwayoyin asali shi ne ba duka suke shiga aikin su ƙare ba. Kamar manomi mai hankali da ba ya cinye girbinsa kakaf sai ya ware iri ya adana don baɗi, haka wasu daga cikin 'ya'yan da aka haifa ke komawa gefen sabon zaren su kwanta barci. Shi ya sa mutum zai ji rauni a wuri ɗaya bana, ya sake ji baɗi, kuma ya warke duka biyun.

Hujjojin sun zo ne daki-daki, daga hannun malaman jami'a da ɗalibansu. A 1971 Moss da Leblond na Jami'ar McGill a Kanada suka nuna cewa sabbin cibiyoyin da tsokar ɗan ɓera ke samu yayin girma daga ƙwayoyin rakiya suke fitowa. A 1987 a Seattle, ɗakin binciken Harold Weintraub ya gano ƙwayar gado mai suna MyoD, wadda idan aka kunna ta a cikin ƙwayar da ba ta tsoka ba, sai ta rikiɗe ta zama ta tsoka. A 2000 Michael Rudnicki na Ottawa da ɗalibinsa Patrick Seale suka gano Pax7, ƙwayar gadon da ƙwayoyin rakiya ba sa ɗorewa sai da ita. Ɓerayen da aka haifa ba tare da ita ba tsumburarru ne, yawancinsu kuma a makonnin farko suke mutuwa. A 2005 a Landan, Charlotte Collins da Terence Partridge da abokan aikinsu suka ɗauki zare guda ɗaya tak mai ɗauke da ƙwayoyin rakiya kamar bakwai, suka dasa a ƙafar wani ɓera, sai ga sabbin zaruruwa sama da 100. A 2008 Alessandra Sacco da Helen Blau na Jami'ar Stanford suka dasa ƙwaya guda ɗaya, ta hayayyafa, ta yi tsoka, ta kuma bar iri. Sannan a 2011 ƙungiyoyin bincike daban-daban a Amurka da Faransa suka yi gwajin ƙarshe: suka kashe ƙwayoyin rakiya kaɗai a jikin ɓera, suka ji wa tsokar rauni. Ba ta warke ba. Tabo da kitse ne suka cike gurbin.

Wani abin da zai ba mutanenmu mamaki shi ne abin da masu binciken nan ke amfani da shi wajen ji wa ɓera rauni. Sau da yawa wani sinadari ne da ake tacewa daga dafin macijin dangin gamsheƙa. Sun zaɓe shi ne domin yana narkar da zaren tsoka amma ya bar tantani da jijiyoyin jini, saboda haka tsokar takan dawo tsaf. Dafin dangin kububuwa kuwa, wadda ke cika asibitin sarar maciji na Kaltungo da majinyata, yana farfasa ƙananan jijiyoyin jini da tantanin kansu, kuma inda aka yi irin wannan ɓarna gyaran ba ya kammala. Bambancin dafin nan biyu shi ne zuciyar maganar. Ƙwayoyin rakiya ba sa aiki su kaɗai. Suna bukatar jini ya kawo musu iska da abinci, suna bukatar tantanin da za su jeru a cikinsa, sabon zaren kuma yana bukatar jijiyar motsi daga laka ta same shi, in ba haka ba ya shanye. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi shafar mu a duk binciken, domin yawancin tsokar da ake asara a ƙasar nan ba rashin ƙwayoyin asali ke jawo ta ba. Sharaɗin aikinsu ake rushewa.

Ɗauki ɗori. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a saman gwiwar hannu. A kai shi wurin maɗori, a jera karare, a ɗaure tamau. Ba na cikin masu cewa maɗora ba su san komai ba. Karaya da yawa sun haɗu a hannunsu tun kafin a gina Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a 1959. Matsalar ita ce karaya tana kumbura, kuma tsokar hannu tana cikin jakar tantani marar miƙewa. Idan kumburi ya taso daga ciki, ɗauri ya matse daga waje, sai jini ya daina shiga. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da sa'o'i shida ko makamancin haka. Bayan nan zaren ya mutu, ƙwayoyin rakiya su mutu tare da shi, babu mai gyara. Abin da zai maye gurbin shi ne tabo mai tauri wanda ke tsukewa a hankali, ya ja yatsu su lanƙwashe, wuyan hannu ya karkace, hannun ya ƙanƙance har abada. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana wannan nakasa tun 1881, kuma ya ɗora laifin a kan matsattsen ɗauri. Idan abin ya wuce haka hannun ya ruɓe, sai yankewa.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Yaro yana kukan da ya wuce na karaya, kukan da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Idan aka miƙe masa yatsa a hankali sai ya ƙwalla ƙara. Yatsun sun kumbura, sun yi sanyi, ya ce yana jin kamar tururuwa na bin su, ko ya daina jin su gaba ɗaya. A irin wannan dare ne manya ke cewa "yi haƙuri, ƙashi ne ke haɗuwa", ko "kada a kwance, sai mai ɗori ya zo da safe". Kafin safiya an gama. Wannan lokacin kwance ɗauri ne da neman mota, ko ƙarfe biyun dare ne, zuwa inda likitan tiyata zai iya tsaga tantanin ya ba tsokar sarari. Filastar asibiti ma idan ta matse haka take yi, kuma hukuncinta ɗaya.

Haɗarin babur kuwa ta wata fuskar yake ɓarna. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja, amma a Nyanya da Kubwa da Lugbe da ƙauyukan kewaye shi ne abin hawan talaka. Idan taya ko kwalta ta ɗebe gutsuren naman sha-raɓa, ta tafi da zare da tantani da jijiyoyi gaba ɗaya. Ƙwayoyin da suka rage a gefe ba su da layin da za su bi su tsallaka ramin. Sojojin Amurka da suka ji raunin bam a Iraƙi da Afganistan sun sa an zuba kuɗi mai yawa a binciken wannan matsala, ana gwada shimfiɗa tantanin dabba da aka wanke a cikin ramin, amma har yau abin da likita ya fi dogara da shi shi ne ya yanko tsoka da jijiyarta daga wani sashen jikin ya dasa, sannan a bi da gashi na watanni.

Shan inna kuma jijiyar motsi take kashewa a cikin laka. Tsokar ƙafar yaron lafiyarta ƙalau a ranar farko, ƙwayoyin rakiyarta suna nan, amma saƙo ya daina zuwa, sai ta bushe. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji, bayan an ga mai cutar na ƙarshe a Borno a 2016, sai dai waɗanda ta riga ta taɓa suna tare da mu, kuma babu allurar ƙwayoyin tsoka da za ta tada ƙafar da jijiyarta ta mutu. Allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawun yaro, ta sami babbar jijiyar da ke sauka ƙafa, ita ma tana iya barin sawu yana reto. Shi ya sa ake yi wa jarirai allura a gefen cinya, kuma shi ya sa bai kamata kowane mai kemis ya zama mai allura ba.

Tun da an zo maganar kemis: akwai haɗin "maganin gajiya" da lebura da mai turin baro ke sha kowane dare. A ciki galibi akwai magungunan kashe kumburi. Mun ga cewa kumburin farko shi ke tada ƙwayoyin rakiya. A 2007 masu bincike a Kopenhagen, ciki har da Abigail Mackey, suka ba wasu 'yan tsere irin wannan magani, wasu kuma ba a ba su ba, bayan gudun kilomita 36. Waɗanda ba su sha ba ƙwayoyin rakiyarsu sun ƙaru, waɗanda suka sha kuwa ba su ƙaru ba. Ƙaramin bincike ne, kuma ba yana nufin mai ciwo ya ƙi shan abin da likita ya rubuta ba. Amma mai sha kullum don kawai jiki ya yi tsami, ban da gyambon ciki da ciwon ƙoda da yake saye, yana iya taka wa gyaran jikinsa burki. Ƙwayar sha-ka-fashe da ake sha don a yi ƙiba ta fi muni. Irin wadda ke ɗauke da sinadarin dezametazon kumatu da ciki take cikawa da kitse da ruwa, tana kuma zaizaye naman cinya, har mace ta wayi gari tashi daga tabarma yana ba ta wuya.

Tsufa ma yana cin tsoka. Daga shekara 30 mutum yana rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Ƙwayoyin rakiya na raguwa, waɗanda suka rage kuma nauyin barci ya kama su. A 2005 Irina Conboy da Thomas Rando na Stanford suka ɗinke tsohon ɓera da matashi gefe da gefe har jininsu ya zama ɗaya, sai tsokar tsohon ta koma warkewa da sauri. Ma'ana ƙwayoyin tsohon ba su mutu ba, muhallinsu ne ya lalace. 'Yan kasuwa a Amurka suka yi caraf suka fara sayar wa attajirai ruwan jinin matasa, har sai da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta fito a 2019 ta ce babu hujjar yana da amfani, akwai kuma haɗari. Abin da aka tabbatar yana aiki ba ya bukatar jinin kowa. A 1990 Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma masu kimanin shekara 90 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas, ƙarfinsu ya kusa ninkawa uku. A 2009 a Maastricht ta ƙasar Holan aka nuna cewa wata uku na irin wannan motsa jiki yana ƙara yawan ƙwayoyin rakiya a cinyar dattawa. Akasin haka kuma, wani bincike na 2007 ya nuna dattawa masu lafiya da aka kwantar kwana goma sun rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafa. Mu kuwa ladabinmu shi ne "Baba, zauna kawai, a kawo maka", "Hajiya, kada ki tashi". Niyyar mai kyau ce, amma tsohon da aka hana zuwa masallaci da ƙafa, aka hana shi taɓa fartanya, aka rage masa wake da ƙwai da nono, ana gaggauta masa kwanciya ne.

Cutar da ta fi jan hankalin masu binciken nan ita ce Dushen, wadda aka sa wa sunan likitan Faransa Guillaume Duchenne da ya bayyana ta a shekarun 1860. Tana kama kusan yaro namiji ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000 a ko'ina a duniya, don haka a ƙasa mai yawan haihuwa irin tamu yaran nan suna nan da yawa, ko an gane su ko ba a gane ba. Ana haihuwar yaron lafiya. Ya yi jinkirin tafiya kaɗan. Wajen shekara uku zuwa biyar sai a ga yana yawan faɗuwa, yana tafiya da ɗage dunduniya, ba ya iya gudu da tsararsa. Sha-raɓarsa kuma manya-manya, har maƙwabta na cewa wannan ƙaƙƙarfa za a yi, alhali kitse da tabo ne suka cika wurin. Alamar da ba ta ɓuya ita ce tashinsa daga ƙasa: sai ya kifa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa da hannu har ya miƙe. Idan ba a yi komai ba, wajen shekara 12 ya koma keken guragu, daga baya cutar ta kai ga numfashi da zuciya.

A 1986 da 1987 ɗakin binciken Louis Kunkel a Boston ya gano ƙwayar gadon da furotin ɗin da ya ɓace, distirofin, wanda ke riƙe fatar zaren tsoka kada ta yage yayin motsi. Babu shi, zare yana yagewa kullum, ƙwayoyin rakiya suna gyarawa kullum, har su gaza. A 2015 ɗakin Rudnicki ya ƙara gano cewa su kansu ƙwayoyin rakiyar suna bukatar distirofin don su rabu daidai, wato ɓarna ta yi yawa, mai gyara kuma shi ma ba shi da lafiya. Cutar ta hanyar uwa take bi zuwa ɗa namiji, amma kusan kashi ɗaya cikin uku sabon canji ne da ya faru a kan yaron, ba daga kowa ba. Ko ta gado ce, uwar ba ta zaɓa ba, kuma ba aikin kishiya ko iska ba ne. Gwajin jini mai sauƙi da ake kira CK, wanda manyan asibitoci ke yi, yana nuna hanya, domin a jikin yaran nan yakan ninka na mai lafiya sau goma zuwa ɗari. Ganewa da wuri yana ba da damar gashi, da duba zuciya, da maganin firedinisolon a ƙarƙashin kulawar likita, wanda ke ƙara wa yaro shekarun tafiya da ƙafarsa. Yana kuma ba 'yan uwansa mata damar neman shawara kafin aure.

Da aka gano duk wannan, tunanin da ya zo wa kowa shi ne a ɗebo ƙwayoyin tsoka daga uba ko ɗan uwa mai lafiya, a hayayyafa su a kwano, a yi wa yaron allura. An gwada a farkon shekarun 1990 a Amurka da Kanada. Bai yi aiki ba. Yawancin ƙwayoyin suna mutuwa cikin 'yan kwanaki, waɗanda suka rayu ba sa matsawa nesa da bakin allura, garkuwar jiki kuma tana yaƙar su. Sannan an gano ƙwayar da aka raina a kwanon roba tana rasa ƙarfinta na asali. A 2010 ɗakin Helen Blau ya nuna cewa taurin kwanon na daga cikin dalilai, domin a kan shimfiɗa mai laushin tsoka sun fi riƙe ƙarfinsu. A Faransa an gwada dasa ƙwayoyin tsokar cinya a zuciyar da ta lalace, babban gwajin da aka buga a 2008 bai nuna bugun zuciyar ya inganta ba. Maganin ƙwayar gado na Dushen mai suna Elevidys, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, kuɗinsa a lokacin dala miliyan 3.2 ne, ba ya warkarwa gaba ɗaya, kuma a 2025 an sami waɗanda suka rasu da ciwon hanta bayan an yi musu shi. Inda ƙwayoyin rakiya suka fi saurin fitowa bainar jama'a, abin dariya, shi ne kicin: a 2013 Mark Post na Maastricht ya nuna a Landan wani curin nama da ya raina daga ƙwayoyin rakiyar saniya, wanda ya ci kusan yuro 250,000.

Wannan shi ne matsayin ilimin bayan shekara sittin da ɗoriya na aikin manyan jami'o'in duniya. Sai ka shiga WhatsApp, ko wani ɗakin taron otal a Wuse ko Garki ranar Asabar, ka tarar ana tallar ƙwayoyin asali da sunan "sitem sel" a 'yar leda, garin da ake zubawa ƙarƙashin harshe, wai an ciro shi daga tuffa da inabi, wai yana maganin shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga da sikila da ciwon gwiwa da rashin haihuwa. Ƙwayar tsiro ba ta zama naman mutum. Ko ƙwayar mutum ce, busarwa ta kashe ta, ciki kuma ya narkar da ita kamar kowane abinci. Akwai kuma masu allura, a gida da waje, masu karɓar miliyoyi su tsotsi kitsen ciki su mayar ta jijiya. A Florida a 2015 an yi wa wasu mata uku irin wannan allura a ido, duka ukun suka sami mummunar asarar gani. Lambar NAFDAC a jikin kwalin ƙarin abinci ba shaidar yana warkar da cuta ba ce.

Maganin ƙwayoyin asali na gaskiya yana nan, kuma ana yin sa a Najeriya, amma na jini ne: dashen ɓargo. A 2011 Dakta Nosakhare Bazuaye da tawagarsa suka yi na farko ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, a 2024 kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa. Aiki ne mai haɗari da tsada, mai bukatar ɗan uwan da jininsa ya dace da makonni a keɓe. Duk wanda ya ga yadda ake yin sa ba zai yarda garin leda ɗan uwansa ba ne.

A Abuja akwai tubalan da za a iya gina binciken tsoka a kansu. Akwai hukumar bunƙasa fasahar halittu ta ƙasa a hanyar filin jirgi, wadda aka kafa a 2001, da cibiyar binciken magunguna ta Idu wadda ta fito da Niprisan, da cibiyar kimiyya ta Sheda a Kwali, da Asibitin Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ga kuma TETFund mai rabon kuɗin bincike. A Damaturu, cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe, wadda Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a 2021, ta riga ta samar da ƙwayoyin asali daga jikin 'yan Najeriya ta hanyar da Shinya Yamanaka na Japan ya gano a 2006, wato mayar da ƙwayar baligi ta koma kamar ta farkon halitta. Daga irinsu ana iya raina tsoka a kwano a yi nazarin cututtukanmu a kan gadon mutanenmu. Idan an iya a Damaturu, Abuja ba ta da uzuri. Abin da ake bukata wutar da ba ta ɗaukewa ce, domin firjin da ya mutu dare ɗaya yana iya kashe aikin shekaru, da kuɗin da zai ɗore fiye da wa'adin minista ɗaya, da rajistar yaran da ke da cututtukan tsoka don a san yawansu da inda suke.

Kafin nan, ɗan uwa mai karatu, idan aka ce ka kawo kuɗi a yi wa mara lafiyarka maganin ƙwayoyin asali don tsoka ko jijiya, ka tambayi wace ƙwaya ce, daga ina aka samo ta, a wace mujallar likitoci aka buga sakamakon gwajinta, kuma ina takardar amincewar kwamitin ɗa'ar binciken lafiya, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada. Idan aka amsa maka da bidiyon masu ba da shaida, riƙe kuɗinka, ka kai shi sashen gashi na asibitin gwamnati mafi kusa.